Yadda ake sa cif ya saita ma'auninsa da kansa: jagora daga teburin gyara a Garwa

A tsakiyar bazarar da ta wuce wani mai shagon cajin waya daga wajen Pitowa ya tsaya ƙofar rumfata da batir biyu ɗaure a bayan babur, duka biyun cikinsu ya kumbura. Tare da su ya kawo ɗan akwatin da ke kula da cajinsu daga faifan sola, wanda wani saurayi mai basira ya haɗa masa da STM32, wani ɗan cif mai ƙwaƙwalwa da ake rubuta wa manhaja. Ya ce mini, "Malam, akwatin nan bai taɓa nuna fiye da volt 14.4 ba, kullum ina dubawa." Na jona shi a kan teburi, na ɗaga wuta har ya rubuta 14.4, na ɗora mitata a kan wayoyin guda. Mita ta ce 14.8. Wata da watanni ke nan akwatin yana dafa masa batir, yana kuma gaya masa lafiya lau. Abin ya dame ni, domin kuɗin batiran nan jarin mutumin ne, kuma aikin saurayin mai kyau ne. Abu ɗaya ya bari: ya yarda da lambar da cif ya ba shi ba tare da ya sa cif ɗin ya auna kansa ba.

Jagorar nan ta masu haɗa irin waɗannan na'urori ce, ko na caji ne, ko na famfon rijiyar burtsatse, ko na firjin ajiye magani. Da STM32 zan yi misali, musamman F103 da ke kan ɗan allon nan shuɗi da ya cika hannun ɗalibai daga Ngaundare zuwa Marwa, da kuma G0 wanda ya fi shi sabunta.

Inda kuskuren yake shigowa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin awon auduga ya san abu uku ake dubawa kafin a amince da sikeli. Allura tana kan sifili idan ba a ɗora komai ba? Dutsen awon da ake gwadawa da shi kilo ɗaya ne na gaskiya? Hannun sikelin da ƙugiyarsa ba su lanƙwashe ba? Sashen ADC na cikin cif, wato mai mayar da ƙarfin wuta zuwa lamba, haka yake. Yana da karkatar sifili tasa, yana da dutsen awo, wato wutar da yake kwatanta komai da ita, sannan akwai resistocin da ke waje masu rage wutar batir kafin ta iso ƙafarsa.

ADC na STM32 mai bit 12 ne, yana raba wutar awonsa gida 4096. Idan wutar volt 3.3 ce, kowane gida milivolt 0.8 ne da 'yan kai. A cikinsa akwai jerin ƙananan kafasito da yake cikawa yana kwatantawa, bit bayan bit. Ba a taɓa samun kafasiton nan daidai wa daida daga masana'anta, kuma zafi yana ɗan motsa su. Shi ya sa aka gina masa hanyar da zai rufe ƙofarsa, ya auna kuskuren kansa, ya ajiye lambar gyara. Wannan shi ake kira saita kai. Ka riƙe tun yanzu cewa abin da ke cikin ADC kaɗai yake gyarawa. Dutsen awo da resistocin waje suna nan suna jiranka.

Mataki na farko: share fage

Cif ba zai iya auna kansa a kan wuta mai rawa ba. A F103 mai ƙafa 48 babu ƙafar wutar awo ta daban, an haɗe ta daga ciki da VDDA, ƙafar da ke ba ADC wuta, saboda haka duk hayaniyar da ta hau VDDA ta shiga awonka. Sa kafasito biyu dab da ƙafar, ɗaya mikrofarad 1, ɗaya nanofarad 10 ko 100. Kada wayar ƙasa ta awo ta bi hanya ɗaya da wadda ke ɗauke da wutar caji ko ta mota. Amfiya 10 a kan waya mai tirjiyar miliom 10 ta ba ka milivolt 100 na ƙarya, kuma babu saitin da zai cire shi tunda yana hawa yana sauka da lodi.

Agogon ADC na F103 kada ya wuce megahaz 14. Idan cif yana gudu a 72, raba da 6, ka sami 12.

Mataki na biyu: sa shi ya auna kansa

Sunayen da ke tafe na bit ne a rajistocin ADC, ana ɗaga su ko a sauke su kamar maɓalli. A F103 ana kunna ADC da ADON, a jira aƙalla bugun agogonsa biyu, a ɗaga RSTCAL a jira ya sauka, sannan a ɗaga CAL a jira shi ma ya sauka da kansa. Aikin bugu 83 ne kawai, wajen mikrosakan 7 a agogo mai 12. A G0 da F0 tsarin ya juya: ADC a kashe ake yi, ADEN yana sifili, DMA, mai kwashe sakamakon awo zuwa ma'ajiya, shi ma a kashe, sai a ɗaga ADCAL. G0 yana da ɗan mai daidaita wuta na ADC, ADVREGEN, wanda sai an kunna shi an ba shi mikrosakan 20 tukuna. Masu aiki da HAL, tarin shiryayyun umarni na kamfanin cif ɗin, layi ɗaya ya ishe su:

HAL_ADCEx_Calibration_Start(&hadc1);

Kira shi kafin awo na farko, bayan wuta ta zauna. Ni nakan jira milisakan 100 bayan kunnawa, domin a nan ƙasar wuta takan dawo da tangaɗi, kuma saitin da aka yi a kan wuta mai tangaɗi ya fi rashin saiti muni. CubeMX, manhajar da ke shirya maka farkon rubutun cif, ba ya rubuta maka layin nan, kai za ka sa shi da hannunka, kuma a nan ne yawancin ɗalibai ke faɗuwa. Lambar gyaran ba ta zama dindindin. Duk lokacin da wuta ta yanke wa ADC ta tafi, har da shigar cif barci mai nauyi, don haka kowace farkawa sai an maimaita. Idan F4 ne a hannunka kada ka ɓata lokaci kana neman CAL, ADC ɗinsa ba shi da shi, sai ka wuce matakan gaba.

Don ka tabbatar ya yi aiki, ɗaure wata ƙafar awo da ƙasa ka karanta kafin saiti da bayansa. Bayan saiti ya kamata ka ga sifili, ko gida ɗaya ko biyu.

Mataki na uku: dutsen awo

A nan ne rabin matsalar mai shagon caji take. Kusan kowa yana rubuta 3300 a cikin lissafinsa, wai wutar cif 3.3 ce. Amma ɗan mai daidaita wutar da ke kan allo ba ya yi maka alkawarin 3.300. Yana iya ba ka 3.26 yau, gobe da rana ta take ya ba da wani abu daban, idan rediyo ko allon nuni ya ja wuta ya sake sauka. Kuskuren kashi 1 cikin 100 a nan milivolt 144 ne a kan batir mai 14.4.

Maganin yana cikin cif ɗin. Akwai wata 'yar wuta tabbatacciya da ake kira VREFINT, wajen volt 1.2, wadda ba ta bin hawa da saukar VDDA. Dabarar ita ce ka auna ta da ADC, sannan ka juya lissafi baya: tunda ka san ƙimarta ta gaskiya, lambar da ka samu ita za ta gaya maka nawa VDDA yake a daidai wannan lokaci.

A G0 masana'anta sun auna VREFINT na kowane cif ɗaya bayan ɗaya, a wuta 3.0 da zafi digiri 30, suka rubuta lambar a adireshi 0x1FFF75AA da sunan VREFINT_CAL. A F0 ma akwai ta, sai dai a 3.3 aka auna, kuma adireshinta daban. Lissafin G0 ga shi:

VDDA = 3000 × VREFINT_CAL ÷ abin da ka karanta

A ce lambar masana'anta 1655 ce, kai kuma ka karanta 1520. VDDA ya zama milivolt 3266. Yanzu a ce ƙafar batir ta ba ka 3250. Wutar da ke ƙafar ita ce 3266 × 3250 ÷ 4095, wato 2592. Idan resistocinka kilo-om 100 a sama da 22 a ƙasa ne, ka ninka da 122 ka raba da 22, batir yana 14.37. Da ka yi da 3300 da ka sami 14.52. Bambancin milivolt 150 ne daga wannan zato ɗaya kawai. Idan kuma VDDA sama ya yi maimakon ƙasa, na'ura za ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya tana cusa wa batir wuta, abin da ya sami baƙona ke nan.

F103 ba shi da wannan gata. VREFINT ɗinsa yana kan tasha ta 17, ana buɗe shi da TSVREFE, amma ba a rubuta masa lambar masana'anta ba. Takardar bayanansa ta ce zai faɗo tsakanin 1.16 da 1.24, wato fiye da kashi 3 sama ko ƙasa, wanda ya fi kuskuren da muke gudu girma. Kada ka rubuta 1200 ka tafi. Kai ne za ka zama masana'antar: auna VDDA da mita mai kyau a kan ƙafar cif ɗin kanta, a lokaci guda ka karanta tasha ta 17. Idan mita ta ce 3.281, ADC ya ce 1503, to VREFINT na wannan cif 3281 × 1503 ÷ 4095 ne, milivolt 1204. Ajiye lambar. Ta wannan cif ce shi kaɗai, ba ta ɗan'uwansa da ke cikin leda ɗaya ba. Allunan shuɗin da ke yawo a kasuwa kuma da yawansu kwaikwayo ne ke kansu, wani ƙarin dalili ke nan da zai sa ka auna da kanka.

Ka ba VREFINT lokaci ya cika kafasiton awo. Zaɓi lokacin ɗauka mafi tsawo, bugu 239.5, wanda tare da juyawa ke cin mikrosakan 21 a agogo mai 12. Batir ba ya sauri, babu inda za ka. Ni a kowane zagaye nakan karanta VREFINT tare da batir, ba sau ɗaya a farkon kunnawa ba.

Mataki na huɗu: abin da cif ba ya gani

Resistoci biyun nan suna wajen katanga. Ko da masu kashi 1 ne, idan ɗaya ya karkata sama ɗaya ƙasa, rabonsu zai kauce da kusan kashi 1.6, wato milivolt 240 a kan 14.4. Masu zoben zinariya na kashi 5 kuwa ba na awo ba ne sam. Cif ba shi da hanyar sanin wannan, domin shi abin da ya iso ƙafarsa yake gani. Sai an nuna masa gaskiya daga waje sau ɗaya, ya riƙe.

Kafin nan ka tambayi mitarka ita ma. Ƙananan mitoci masu araha sukan ƙara lamba idan batirinsu mai volt 9 ya yi sanyi. Sa sabon batir. Sayi LM4040, ɗan cif mai ba da tabbatacciyar wuta, mai daraja A, wanda kuskurensa kashi 0.1 ne, ka haɗa shi da resisto ɗaya a cikin ɗan gwangwani, ya zama dutsen awon rumfarka. TL431 da ake cirowa daga tsofaffin caja yana ba da 2.495, amma na gama-gari yana iya kaucewa da kashi 2, bai isa ya yi wa mita shari'a ba. Idan babu ko ɗaya, haɗa mitocin abokan sana'a uku a kan batir ɗaya ka ga wadda ta ware.

Yanzu cire batir, ka jona wutar teburi da ake iya ƙarawa da ragewa a madadinsa. Tsayar da ita a 10.00 bisa ga mita, rubuta abin da na'ura ta ce. Ɗaga zuwa 15.00, sake rubutawa. A ce ta ce 10.11 da 15.16. Tazarar gaskiya 5.00, tata 5.05, ninkin gyara shi ne 5.00 ÷ 5.05, wato 0.9901. Sai ka ninka 10.11 da shi ka sami 10.01, ka ga saura milivolt 10 da za a cire. Daga yau duk awo sai ya bi ta nan:

na gaskiya = awo × 9901 ÷ 10000 − 10

Da milivolt ake lissafin, da cikakkun lambobi masu bit 32, kuma a fara ninkawa kafin rabawa, in ba haka ba ragowar ta zube. Gwada a 12.50. Idan ya faɗo cikin milivolt 20 ka gama. Idan gefe biyu sun yi daidai amma tsakiya ta kauce, akwai abin da ke zurara, galibi zena, 'yar diyod ta kariya da aka sa a ƙafar cif, wadda ke fara shan wuta tun kafin ta kai ƙimarta.

Ina son wannan gwaji ya kasance cikin manhajar kanta: a danna maɓalli a 10, a danna a 15, cif ya yi lissafinsa ya ajiye. Da haka ko yaron shago zai iya yi wa na'ura ashirin a yini. F103 ba shi da EEPROM, ma'ajiyar da ke riƙe lamba ko wuta ta ɗauke, sai a keɓe shafin ƙarshe na filashi, kilobait 1 a F103C8 na allon shuɗi. Shafin yana jure gogewa sau 10,000, ya isa har abada idan ba kowace kunnawa ake rubutawa ba. Sa lambar tantancewa tare da lambobin gyaran, ka kuma sa iyaka: idan ninkin da aka karanto ya fita daga tsakanin 0.95 da 1.05, na'ura ta ƙi caji ta kunna jar fitila. Gara mai ita ya dawo yana faɗa da a ce ta ci gaba da aiki da gurɓatacciyar lamba.

Haɗuwar 100 da 22 a idon ADC tirjiya ce ta kilo-om 18, shi ya sa gajeren lokacin ɗauka ke ba da awo ƙasa da gaskiya. Sa nanofarad 100 daga ƙafar zuwa ƙasa. Sannan kada ka yarda da karatu ɗaya. Ɗauki 16 ko 64 ka fitar da matsakaici, ka shimfiɗa su cikin milisakan 20 cif-cif. Wutarmu ta gida mai haz 50 ce, inbata ma haka, kuma milisakan 20 zagaye ɗaya ne cikakke, don haka gunjinta yana cinye kansa. G0 yana iya yin wannan tarawa da kansa har sau 256.

Mataki na biyar: zafinmu

Lambar masana'anta a digiri 30 aka ɗauke ta. A Garwa, Maris da Afrilu, inuwa kanta tana haura 40, balle akwatin roba da aka kafe a bango ƙarƙashin kwano. Da asubar hunturu kuma ya sauko ƙasa da 20. Saitin da cif ya yi da sanyin safiya ba lallai ya kai shi azahar ba.

Cif yana da ma'aunin zafi a cikinsa, tasha ta 16 a F103. Kada ka ɗauke shi ma'aunin gaskiya, domin littafin cif ɗin da kansa ya ce bambanci tsakanin wani da wani yana iya kai digiri 45. Amma yana gane sauyi, kusan milivolt 4.3 a kowane digiri, yana sauka idan zafi ya hau, kuma sauyin muke nema. Ƙa'idata ita ce: riƙe zafin da aka yi saitin ƙarshe, idan ya motsa da digiri 10 a tsayar da awo da DMA, a sake kiran saita kai, a ci gaba. Ko bai motsa ba a maimaita bayan kowace awa. Ƙiftawar ido ce, amma ka tabbata sashen da ke yanke shawarar caji ya riƙe awon baya a wannan ɗan tsakani, kada ya ɗauki lambar saiti da ke zaune a rajistar sakamako ya zaci wutar batir ce.

VREFINT ma yana bin zafi, a F103 har kashi 100 cikin miliyan a kowane digiri idan an yi rashin sa'a. Digiri 40 ya zama kashi 0.4 cikin 100, kusan milivolt 58 a batir. Ga batirin ruwa wannan abin haƙuri ne. Ga lityum irin LiFePO4, inda iyakar kowane ɗaki 3.65 ce, ni nakan sa LM4040 a wata ƙafar ADC in yi lissafi da shi a maimakon na ciki. Resistocin raba wuta su zama iri ɗaya, masu fatar ƙarfe, a zaune kusa da juna nesa da abin da ke zafi, don su karkata tare rabonsu ya tsaya.

Kada a haɗa wannan da buƙatar batirin kansa. Batirin dalma mai ɗaki 6 yana son a rage masa wutar caji kamar milivolt 18 zuwa 30 a kowane digiri sama da 25. A digiri 40, 14.4 ɗin ma ta yi masa yawa. Wannan sai da ma'aunin zafi manne a jikin batir, na cikin cif zafin cif yake ji.

Ƙura ma tana da nata. Ta hunturu takan kwanta a kan allo, damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama siririn resisto a gefen naka mai kilo-om 100. Wanke ragowar man dalma da sifirit bayan ka gama liƙi, ka shafa wa allon banish, sannan ka yi gwajin 10 da 15, ba kafin nan ba.

Idan ba STM32 ba ne

ATmega328P na Arduino mai bit 10 ne, ba shi da saita kai, amma yana da wutar ciki ta 1.1 wadda ke faɗowa tsakanin 1.0 da 1.2, kuma ana iya auna ta a kan AVcc, wato VDDA ɗinsa, don haka mataki na uku irin na F103 ya hau kansa. ESP32 an ƙona masa lambobin gyara a eFuse, ma'ajiyarsa ta dindindin, tarin umarnin kamfaninsa Espressif yana karanto su ya ba ka milivolt kai tsaye. Ka guji gefunan awonsa biyu inda yake lanƙwasa, ka kuma zauna a ADC1, domin ADC2 yana rabon hanya da Wi-Fi. A FPGA na Xilinx jeri na 7 akwai XADC, ADC biyu masu bit 12 da wutar awo 1.25. Auna tasha ta 8 shi ke sa ya lissafa lambobin gyaransa, sai ka sa ta cikin zagayen tasoshi ka kunna amfani da su a rajistar saiti. Na cikinsa yana da kuskuren kusan kashi 1, aikin da ya fi haka tsanani sai da wutar awo ta waje.

Gwajin ƙarshe kafin na'ura ta bar rumfa

Jona ta da batir mai cikakken caji wanda ba ya ɗauke da lodi, mita a gefe. Rubuta lambobin biyu da sassafe. Rufe akwatinta ka ajiye a rana, batir da mita su zauna a inuwa da dogayen wayoyi, ka sake rubutawa da ƙarfe biyu. Sannan kunna mata lodi mafi nauyi da za ta ɗauka ka ga ko tazarar ta buɗe. Ni ba na sallamar wadda ta kauce fiye da milivolt 50 a ɗayan ukun. Idan a rana ta kauce, duba resistoci da maimaita saiti. Idan da lodi ne, koma kan wayar ƙasa.

Rubuta ninkin, da milivolt ɗin cirewa, da lambar VREFINT, da kwanan wata a kan takarda ka liƙa cikin murfin. Ka gaya wa mai ita ya kawo ta a sake gwajin 10 da 15 a watan Fabrairu, kafin zafi ya kama, da kuma duk ranar da aka canza resisto ko cif.